Belun Ɗan Asabe

Shekara arba'in da ɗoriya ina yi wa Ɗan Asabe aski duk safiyar Juma'a, kuma ban taɓa jin ya ce na iya ba. Zai zo rumfata da ke bakin kasuwar Talata Mafara, ya zauna a kan turmin da na kife, ya miƙo mini kai kamar wanda ya zo yi mini alfarma. Ina aski yana zagin askata, wai da ita gara wuƙar da yake kankare ƙafar saniya. Ni kuma in ce masa kan mahauci ai ba aska yake so ba, babbaka ce ta dace da shi. In na gama ya shafa, ya yi tsaki, ya tashi. Da la'asar sai ga ƙullin nama ya iso gidana, kuma kullum daga wurin da ya san haƙorana za su iya.

Sunana Hayatu, wanzami ɗan wanzami. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Maradun, wanda yau duk mai son ganinsa sai dai ya hau kwalekwale ya leƙa ƙarƙashin ruwan Bakolori. Shekarar da aka tashe mu don gina dam, mahaifin Ɗan Asabe ne ya ba mahaifina ɗaki biyu a bayan gidansa, bai san mu ba, bai san asalinmu ba. Ni da ɗansa muna samari a lokacin, sai muka riƙa bin leburorin da ke haƙa hanyoyin ruwa, shi da tiren tsire, ni da zabira. Tun daga nan ba mu rabu ba. Ni na yi wa 'ya'yansa bakwai askin suna, kuma duk Baba Hayatu suke ce mini, har da babbarsu Hadizatu, shugabar makarantar firamare, wadda in ta kalli mutum ta saman tabarau sai ya tuna laifin da ya yi bara.

Hadizatu ba ta ƙi ni ba, rabin sana'ata ne ba ta yarda da shi ba. Aski dai ta ce in yi ta yi. Amma ƙaho da tsaga da cire belu, ta ce kada ta ƙara jin an yi wa wani ɗan gidansu. A gabana ta faɗa, har da durƙusawa, irin ladabin nan da gara a zage ka. Kuma ba ita kaɗai ba ce. A shekarar an tara mu wanzamai an ja mana kunne, saboda wani abokin sana'armu na can wajen Janbako ya cire wa wata mata belu jini ya yi gardama, har sai da ya kwana uku a hannun 'yan sanda. Muka ce mun ji, muka fito kowa ya ci gaba da abin da ya gada.

Wata Juma'a cikin rani, lokacin da shinkafa ta fara fitar da kai, Ɗan Asabe ya zauna har na gama rabin kansa bai zagi askata ba. Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce wani abu ne ke shaƙe masa wuya, yau kusan mako uku ke nan. Yana da 'yar gonar shinkafa ta wajen Bakura, to duk sa'ad da ya hau tudun kanal, wato hanyar ruwan dam, da sauri, sai ya ji kamar an zarga masa igiya a maƙogwaro, har muƙamuƙi ya ɗauka. In ya zauna ya huta sai abin ya sake shi. Na ce ya buɗe baki. Na danne harshen, na ga belun, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, ya yi ja, kuma a idona ya yi tsawo. Ko tsawon ya yi da gaske, ko kuwa idona ne ya ga abin da ya saba nema, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne ban yi shakka ba ko kaɗan. Na ce masa belu ne, ya same ni a zauren gidana ranar Lahadi, kada Hadizatu ta ji.

Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Na cire, ya kurkure baki da ruwan bagaruwa mai ɗumi, jini ya tsaya kamar yadda ya saba tsayawa. Na ce ya yi kwana uku yana shan kunu. Ya ce mahauci da kunu, Allah ya isa tsakaninsa da ni. Muka yi dariya, ya tafi. Ranar Litinin muryarsa ta dishe, ya ce wa mutanen gida mura ce.

Ranar Talata kasuwarmu ke ci, ranar da mahauta ba su samun sararin ko sosa kai. Wajen ƙarfe takwas ina tsakiyar gyara wa wani Bafulatani gemu, sai wani mahauci ya taka birkin babur a bakin rumfata, ya ce in zo maza, Ɗan Asabe ya faɗi a mayanka. Na bar bawan Allahn nan da rabin gemu. Na same shi an jingina shi da bango, rigarsa sharkaf da gumi, ya dafe ƙirji da hannu, fuskarsa ta koma kalar toka. Ya yi amai a gefensa. Ya ce yau ba wuya ba ne kaɗai, ƙirji ne, kamar bijimin sa ya durƙusa a kai, kuma hannun hagu ya yi nauyi har ba ya jin nasa ne. Sarkin Pawa ya ce a sa shi a motarsa a yi asibiti, duk abin da ya biyo baya shi ya ɗauka.

A mota kansa yana kan cinyata. Ya jawo wuyan rigata har kunnena ya zo kusa da bakinsa.

"Hayatu, kak ka hwaɗa ma kowa zancen belun ga."

Na ce ya yi shiru ya ja numfashi.

"Ɗaure ka za su yi, tsohon banza. Yi man alkawali."

Na yi masa. In faɗi gaskiya, ba don shi kaɗai na yi ba. Tun da na gan shi jingine da bangon nan nake hango ƙofar ofishin 'yan sanda, da rumfata a rufe, da mutanen kasuwa suna nuna ni da baki. Tsoro na ji.

Likitar da muka samu sunanta Hasana, siririya, ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba, tana magana da sauri kamar mai saran albasa. Nan take aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane. Ta dube ta sau ɗaya, fuskarta ta canza. A daidai lokacin Hadizatu ta shigo da ƙurar alli a hijabinta, ta tsaya a kan mahaifinta ta riƙe masa hannu.

Likita ta yi mana bayani a tsaye. Ta ce zuciyar da ke tura jini ko'ina a jiki ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita, to gudan jini ya toshe ɗaya daga ciki. Naman da ke bayan wurin da ya toshe yana mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Ta ce an yi sa'a akwai wata allura a ajiye, wadda ake sawa cikin ruwa a ɗaura wa mutum, ta bi jini ta je ta narkar da gudan. Sai dai allurar ba ta san gudan kirki da na banza ba. Duk inda jini ya daskare don ya rufe wani rauni, can ma za ta narkar, wurin ya ɓalle da zuba. Don haka sai ta yi tambaya tukuna. Ta tambaye shi ko an yi masa aiki kwanan nan, ko ya faɗi ya bugu a ka, ko yana da gyambon ciki mai zubar jini, ko akwai wani sabon yanka a jikinsa ko ina ne.

"Babu, likita," in ji Ɗan Asabe da disasshiyar muryarsa.

Hadizatu ta ƙara da cewa Baba bai taɓa kwana asibiti ba, mura ce kawai ke damunsa tun jiya. Likita ta gyaɗa wa nas kai. Nas ta fasa 'yar kwalba ta fara haɗa maganin.

Ni ban san zuciya ba, amma na san wuya. In hannu ne ya ɓalle da jini sai a ɗaure, in a ka ne sai a danne. Maƙogwaro ba ya ɗauruwa, ba ya dannuwa. Mutum yana kwance jininsa zai bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi, kana tsaye kana kallo. Ina jingine da ƙofa, zabirata tana rataye a kafaɗa don ko ajiye ta ban tuna na yi ba, da askar da ta yi aikin a cikinta. Ɗan Asabe ya juyo da ido ya dube ni, na gane abin da yake nufi sarai. Nas ta rataye jakar ruwan, ta ɗan ƙwanƙwasa robar da yatsa don iska ta fita, ta kamo hannunsa. Sai na ji muryata ta fito ba tare da na yi shawara da ita ba.

"Likita, dakata. Shekaranjiya nic cire mashi belu."

Likita ta ɗora hannunta a kan na nas. Ɗan Asabe ya rufe ido ya ce, "Maci amana," a hankali, amma kowa ya ji. Likita ta ɗauko 'yar tocila ta ce ya buɗe baki. Da ya yi kamar ba zai buɗe ba, sai Hadizatu ta ce "Baba," shi ke nan ya buɗe. Daga inda nake tsaye ina hango raunin, ya yi fari-fari, ɗanye.

Na sunkuyar da kai ina jiran zagi, don na san na ci a zage ni. Maimakon haka sai likita ta shiga tambayata da me na yanke, iya ina na yanke, jinin ya daɗe kafin ya tsaya ko bai daɗe ba. Ta tambaye ni kamar tana tambayar abokin aiki, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Da na gama sai ta ce wa nas ta sauke jakar.

"Da mun sa mashi wagga allura, ba mu iya tsai da jinin wuyan nan," in ji ta. "Baba, ka kyauta da kah hwaɗi. Amma hwa yanzu hanyarmu ta yi nisa."

Hanyar da ta rage ita ce Sakkwato. Ta ce akwai asibitin da ke da ɗakin aikin zuciya, inda ake bi ta cikin jijiya a je har wurin da ya toshe a ciro gudan, ba sai an narkar da jinin jiki duka ba. Ta buga waya can, ta ba shi wasu ƙwayoyi ya tauna, aka yi masa allurar rage zafi, aka kira direban motar asibiti. Ta ce in bi su, don likitocin can za su so su ji daga bakin wanda ya yi yankan. Hadizatu ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta riƙe ƙofar motar ta dube ni ta saman tabarau.

"Shiga, wanzami," ta ce.

Tun da aka haife ta ban taɓa jin ta kira ni da wani suna ban da Baba Hayatu ba. Na shiga na takure a kusurwa.

Na sha bin hanyar Sakkwato, amma ban san tana da tsawo ba sai ranar. Muka wuce gonakin shinkafa kore shar, ruwa yana gudu a kanal, balbelu suna bin masu cire ciyawa, kowa yana harkarsa kamar ba abin da ya faru. Muka wuce Lambar Bakura. Nas tana zaune ta zuba wa na'ura ido, Hadizatu tana share wa mahaifinta gumi da gefen hijabi, shi kuwa ya juya fuska ga bangon mota don kada ya gan ni. Ina jan carbi ban san abin da nake karantawa ba. Maganar likita ce ke yawo a kaina, cewa naman yana mutuwa kaɗan-kaɗan. Da ban sa aska a wuyan nan ba, da yanzu yana kwance a Mafara magani yana aikinsa. Duk garin da muka wuce sai in ji ni na ajiye shi a hanyar. A Tureta direba ya faɗa wani rami, na'urar ta yi ƙara, nas ta miƙe tsaye. Ta gyara wata waya da ta saɓule, ƙarar ta tsaya, ta koma ta zauna.

Mun isa kafin azahar, muka tarar ana jiranmu. Wani likitan wuya ya fara duba raunin, ya yi mini tambayoyin da aka yi mini a Mafara, sannan ya taɓa wurin da wani abu da ke ƙone bakin ciwo ya rufe shi. Ya ce dole a yi haka, don aikin zuciyar ma sai an tsinka jini, amma daidai gwargwado, kuma ana iya mayar da shi in an ga zai yi ɓarna. Sai ga mai aikin zuciyar, Likita Buba, wani dogo mai furfura a gemu, sanye da wata riga mai nauyi. Ya ɗauko takarda ya zana zuciya zai nuna wa Ɗan Asabe inda matsalar take. Bai gama zanen ba mutumin nan da ke numfashi da ƙyar ya katse shi.

"Wace jijiya ce? Wadda ka gangarowa ta gaba cikin kitse, ko ta baya?"

Likita ya ɗago ya dube shi.

"Shekara arba'in ina tsaga zuciya, likita. Ta shanu dai."

Likita Buba ya yi dariya ya ce bisa ga takardar da ya gani, ta gaba ce. Ɗan Asabe ya ce to babba ce, a bar zane a yi maza. Aka tura shi ciki aka rufe ƙofa.

Ni da Hadizatu muka zauna a kan benci ɗaya, tsakaninmu wurin zaman mutum uku. Aka kira azahar, na je na yi, na dawo na tarar ba ta motsa ba. Na so in ba ta haƙuri, na rasa ta inda zan fara. In ce mata ban sani ba? Ai ta gaya mini, da durƙusawa ma.

Abin da aka yi a ciki daga baya na ji shi, rabi daga bakin likita, rabi daga bakin Ɗan Asabe, wanda ya ba da labarin a kasuwa har mutane suka haddace. Idonsa biyu aka yi komai. An kashe masa zafi a wuyan hannun dama, aka ɗan huda, aka zura wata siririyar roba ta bi jijiya ta haura kafaɗa har bakin zuciya. Aka tura wani ruwa da ke nunawa a allon na'ura, sai ga jijiyoyin sun fito baƙi-baƙi kamar saiwa, ta gaban nan kuwa ta zo tsakiya ta yanke. Likita ya ratsa wurin da wata waya da ba ta fi gashin jelar saniya kauri ba, ya bi ta da wata robar, ya ja da sirinji. Karo na farko ba abin da ya fito. Na biyu ma haka. A na uku gudan ya biyo. Ɗan Asabe ya ce a allon ya ga jinin ya wuce da gudu ya cika sauran jijiyar har ƙasa, kuma a lokacin ya ji bijimin nan da ya durƙusa masa a ƙirji tun safe ya tashi. Sannan aka sa wata 'yar ragar ƙarfe a wurin don ta riƙe hanyar a buɗe.

Bayan awa ɗaya da wani abu Likita Buba ya fito, gumi a goshinsa, ya ce an dace. Sai a lokacin Hadizatu ta rufe fuska da hijabi ta yi kuka. Ni kuwa na durƙusa a ƙasa ina ta alhamdulillahi. Likita ya tambaya ko ni ne wanzamin. Na ce ni ne. Ya ce in taso in ga wani abu. A cikin ɗan faranti, a kan farin ƙyalle, ga abin da ya kusa kashe mini aboki. Wani ɗan zare ne ja mai duhu, bai fi tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba.

Na daɗe ina kallonsa. Ni da na cika ƙore ba iyaka da jinin da na zuƙo da ƙaho, ina nuna wa mutane ina ce musu ga mataccen jinin da ke damunku ya fita. Ashe wanda ke kisa ɗan wannan ne, kuma a inda ƙahona ba zai taɓa kaiwa ba. Kunya ta kama ni, da mamaki, har da wani abu mai kama da sha'awa, don mai sana'ar hannu ba ya ganin aiki mai kyau ya ƙi yabawa.

Likita ya ce shaƙewar wuyan nan da ke zuwa in an hau tudu, ta tafi in an huta, zuciya ce take kuka tun mako uku. Ya ce wurin irinmu mutane ke fara zuwa kafin su zo wurinsu, don haka in na sake jin wannan ƙorafi, ko ciwon ƙirji da gumi, in ajiye aska in turo. Ya ƙara da cewa wani sashe na naman zuciyar ya riga ya taɓu, mutumin zai rayu in Allah ya so, amma ya gama saɓa cinyar saniya a kafaɗa. Na yi ta maza na tambaye shi, da an yi masa allurar a Mafara tun da safe, da sashen nan ya tsira? 

"Wataƙila," ya ce. Bai ƙara ba, bai rage ba, kuma na gode masa da bai yi mini ƙarya ba.

Washegari na hau motar haya na koma gida. Ba ɗan sandan da ya zo nemana. Amma labari ya riga ni isa kasuwa, kowa da irin nasa, har da mai cewa maƙogwaron na tsaga gida biyu. Wasu da na shekara ina yi wa aski suka koma shagon masu inji. Ɗan Asabe ya yi kwana shida aka sallamo shi. Na shirya zan je dubiya sai matarsa Marka ta aiko mini da saƙo, cikin mutunci, cewa an ɗora shi a kan ƙwayoyin da ke hana jini daskarewa, ɗan yanka kaɗan sai ya daɗe yana zuba, don haka Hadizatu ta sayo injin aski, kuma in ɗan dakata da zuwa har hankula su kwanta. Na ce na ji.

Juma'a biyar turmin nan yana kife ba wanda ya hau shi a lokacin da Ɗan Asabe ya saba hawa. Ban damu da ƙullin naman ba, zagin askata na yi kewa. Askar belu kuwa na naɗe ta a tsumma na jefa a ƙasan akwati. A cikin makonnin wani manomin albasa daga Bakura ya zo ya ce in sa masa ƙaho a ƙirji, wai yana masa zafi. Na rufe rumfa na ɗora shi a babur sai wurin Likita Hasana, yana ta faɗa a hanya. Aka liƙa masa wayoyi, aka duba, ashe ƙwarnafi ne, ya cika yaji a tuwo. Mutumin ya zage ni tas don na ɓata masa rana. Likita ta yi dariya ta ce in ci gaba da kawowa, ko goma na kawo ɗaya ya zama shi ne, an ci riba.

Juma'a ta shida ina zaune ina wasa aska a kan fata, na hango wani yana tahowa a hankali ta layin masu tumatir. Ya rame, riga ta yi masa yawa, amma tafiyar tasa ce. Hadizatu tana biye da shi da lema. Ya iso ya cire hula. Kan nan an bi shi da inji, nan tudu nan kwari, kamar gonar da awaki suka shiga. Bai gaishe ni ba. Ya zauna a kan turmin ya miƙo mini kai.

Na ce masa ba zan iya ba, na ji zancen ƙwayoyin da yake sha.

"Awo, likita ya ce in an yanke ni jini bai tsayawa da wuri," in ji shi. "Shi yas sa niz zo wurin wanda bai taɓa yankana ba."

"Ai na yanke ka, Ɗan Asabe."

"Wancan ni nib buɗe maka baki. Abin da kay yi da ra'ayinka kai kaɗai shi ne cin amanata gaban mutane." Ya dubi ƙasa. "Da ka riƙe man ita, da jibi za a yi sadakar arba'in ɗina."

Na juya baya kamar ina neman sabulu, don ban so 'yarsa ta ga idona. Shi kuwa ya ci gaba da surutu. Wai ya ga aikin likitocin nan da idonsa, ba wani abu ba ne, ƙaho ne su ma suke yi, sai dai nasu ƙahon ya san hanya. Na jiƙa kan da ruwan ɗumi, na ɗauko askar, na tsaya na dubi Hadizatu, don in ba ta yarda ba ba zan taɓa shi ba. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta naɗe lemar ta zauna a bakin benci.

"A hankali dai, Baba Hayatu," ta ce.

Ban taɓa yin askin da ya ɗauke ni lokaci kamar wannan ba. Na bi kan sannu a hankali, ina miƙe fatar da yatsa kafin aska ta sauka, na zagaye bayan kunne, na gyara ƙeya. Da na zo gemu sai ya ɗaga haɓa da kansa, ya rufe ido, ya bar mini wuyan nan a buɗe. Na ɗora babban yatsana a gefen maƙogwaro don in ja fatar, sai na ji jijiyar tana bugawa a ƙarƙashinsa, daidai, ba gaggawa. Sannan na sa aska.

Da na gama ya shafa kan, ya shafa wuyan, ya duba tafin hannunsa, babu ko ɗigo. Sai ya yi tsaki ya ce har yanzu ban iya ba.